Kafin ka ɗora kaya zuwa Damagaram

'Yan uwa 'yan kasuwar Daura, Mai'aduwa da Zango, aikina shi ne shirya wa masu kaya takardun kwastam a iyakar Kwangwalam, kuma abin da nake gani ya sa dole in yi magana. Da yawanmu har yanzu muna lissafin riba da tsohuwar ƙa'ida.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun bar ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. A da, yarjejeniyar ƙungiyar ce ta yafe kuɗin fito ga amfanin gona, dabbobi da kayan da aka ƙera a yankin. ECOWAS ta ce a ci gaba da hakan kafin a cimma matsaya, amma abin da ake yi da shi yanzu alfarma ce, kuma mai alfarma yana iya janyewa ba tare da ya shawarce ka ba.

Mun riga mun ga alama. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi, har da gero da wake, sai dai zuwa Mali da Burkina. A Maris ɗin 2025 ƙawancen ƙasashen uku, wato AES, ya sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shiga daga waje. A Mayu kuma, ana shirin Babbar Sallah, Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi. Wannan ta fi yi mana ciwo, domin karar Mai'aduwa da dabbobin ƙetare take cika. Wanda ya canza nairarsa zuwa sefa, ya bai wa dillali kafin alƙalami a Matamaye ko Magarya, sai ya wayi gari raguna na can, shi yana nan. Kullum ciyarwa na cin uwar kuɗi, ga masu bashi na jira. Manyan alhazai za su jure. Ƙaramin ɗan kasuwa mai jarin aro shi ne yake karyewa, kuma shi nake tausayi.

Don Allah, kada ka biya kuɗin kaya sai ka tambayi kwastam na ɓangarorin biyu abin da aka halatta a wannan makon. Karɓi rasit kan duk abin da ka biya. Ku rubuta da abokin cinikinka wanda zai ɗauki asara idan aka tsare mota. Kuma kada wani ya ruɗe ka da hanyar daji: idan aka kama, kaya da mota duka suke tafiya.