Gansakuka na cire gubar dalma daga ruwa?

Tambaya: Na ji an ce gansakuka na tsotse gubar dalma. In bar wadda ta kama bakin rijiyarmu ke nan? Daga wata uwa, Ƙofar Gayan, Zariya.

Amsa: Hajiya, maganar tana da tushe, amma ba a rijiya ake yi ba. Masana kan haɗa gansakuka da ƙwayoyin bakteriya a tafkin da suka gina musamman. Gansakukar tana samar da iskar da ƙwayoyin ke shaƙa, su kuma su ruɓar da ƙazanta su ciyar da ita, dalmar tana manne musu a jiki. Daga nan sai a kwashe koren nan duka. Idan aka bar shi ya ruɓe, sai gubar ta koma cikin ruwan.

Ki kankare rijiyarki, ki rufe ta. Tafasawa ba ta cire dalma, kuma ba a gane ta da ido ko ɗanɗano. Ita ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Don Allah ki ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, a kai Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a nemi gwaji.