Me Ya Hana A Killace Sukur?

Tambaya: Na karanta cewa Sukur na cikin wuraren tarihi na duniya, amma har yau mutane na noma da kiwo a cikinsa. Me ya hana gwamnati ta tashe su, ta zagaye wurin da waya, ta bar wa masana aikinsu? Daga wani malamin makaranta, Mubi.

Amsa: In aka tashi mutanen nan, an tashi abin da ake son adanawa.

Sukur na kan tsaunukan Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa. A 1999 UNESCO ta sa shi cikin jerinta, shi ne na farko daga Najeriya (kurmin Osun na Osogbo ya biyo baya a 2005). Ba don wani gini guda aka zaɓe shi ba. An duba dutsen ne gaba ɗayansa: fadar Hidi, wato sarkinsu, da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu, da kufan matoyar ƙarfe, da gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tsauni.

Tsaya kan gonakin nan, Malam. Kowane hawa an tokare shi da jerin duwatsu, ba siminti, ba laka. Damina ta sauka, ruwa ya gangaro, sai wani dutse ya zame, ƙasa ta fara bin sa. Mai gona ne zai lura, ya durƙusa ya mayar da shi, don yana da dawar da yake tsoron rasawa. Wane ma'aikaci za a turo daga Yola ya riƙa bin duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya? Rumbuna, da ramukan da ake turke bijimai a ciki, su ma amfani da su ne ya hana su rushewa.

Su kansu masanan a wurin mutanen gari suke ɗaukar karatu. Nicholas David da Judith Sterner, da suka yi bincike a can cikin shekarun 1990, sun tarar an daina narka tama. Tulin kashin maƙera ya nuna Sukur ta yi arzikin ƙarfe, amma wa ke hura wuta, wa ke saye, wannan daga bakin dattawa ya fito.

Ban ce gwamnati ta naɗe hannu ba. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ce ke da alhakin wurin a doka, kuma tsaro sai ita gwamnatin. A ƙarshen 2014 'yan Boko Haram sun hau dutsen suka ƙona gidaje, har da sassan fadar Hidi. Waya ba za ta tare su ba. Da ƙura ta lafa, masu gidajen ne suka dawo suka ɗora jinka.

Inda nake da ƙorafi shi ne a kira mutane taro bayan an gama yanke shawara, a ce an tuntuɓe su. Kuɗin baƙi masu ziyara, da aikin rakiya, da maganar inda za a haƙa da inda ba a taɓawa, kamar makabarta da wuraren tsafinsu, ya kamata a fara da Hidi da dattawansa tun kafin a kafa tsinke.