OTAN: wa ke yanke shawara, wa ke ba soja umurni?

Masu sauraren rediyo suna yawan jin sunan OTAN, wadda a Najeriya ake ce ma NATO. Ƙawancen tsaro ne na ƙasashen Turai da Amurka da Kanada. An kafa shi ran 4 ga Afrilu 1949 da ƙasashe 12. Yau sun kai 32. Alkawarinsu shi ne: wanda ya taɓa ɗaya, ya taɓa duka.

Aikin OTAN kamar gayya yake. Kowace ƙasa ita ke riƙe da sojojinta. In aiki ya taso sai ta ba da aronsu, kamar yadda kowa ke zuwa gayya da hauyarsa. To wa ke jagorar wannan gayya?

Majalisa

A sama akwai majalisar ƙawancen, a birnin Buruksel na ƙasar Beljik. Kowace ƙasa tana da jakada a ciki. Farar hula ne. Ba a jefa ƙuri'a: sai kowa ya yarda. In ƙasa ɗaya ta ƙi, magana ta tsaya.

Kwamitin soja

Jakadu ba su san dabarun yaƙi ba, shi ya sa akwai kwamitin soja. Manyan shugabannin soja na ƙasashen ne ke cikinsa. Suna taro sau uku a shekara, sauran lokaci wakilansu ke zama. Aikinsu ba majalisa shawara: soja nawa ake bukata, wane haɗari ke gaba. Shugaban kwamitin tun Janairu 2025 ɗan Italiya ne, Amiral Cavo Dragone. Ba shi da runduna a hannunsa.

Ƙarƙashin kwamitin akwai ma'aikata wajen 500, soja da farar hula. Su ke tattara labari, su rubuta tsari, su shirya takardu.

Manyan kwamandoji biyu

Na farko yana garin Mons a Beljik. Shi ke jan ragamar yaƙi. Tun daga Janar Aizanhawa, wanda ya buɗe hedkwatar a 1951, kullum ɗan Amurka ne ke riƙe da wannan kujera.

Na biyu yana Norfok a Amurka. Shi ke kula da horo da sababbin dabaru. Tun 2009 ɗan Faransa ne. A 1966 Janar Dagol ya fitar da Faransa daga wannan tsarin umurni, sai a 2009 ta komo.

Misalin Libiya

A watan Maris 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da iznin kare farar hula a Libiya. Jakadun OTAN suka yarda, sojoji suka tsara, wani janar ɗan Kanada ya ja aikin daga birnin Napoli na Italiya. Jiragen yaƙi suka yi wata bakwai suna ruwan bama-bamai. Gwamnatin Gaddafi ta faɗi. Dubban ƴan Nijar masu cin rani suka komo gida hannu wofi, makamai kuma suka bazu cikin Sahel.

Ke nan soja shawara yake bayarwa, ya kuma cika umurni. Gwamnatoci ne ke cewa a yi ko a bari, alhakin abin da ya biyo baya kuma yana wuyansu.

Tambayoyi

1. Su wa ke yanke shawara a OTAN?
2. Mene ne aikin kwamitin soja?
3. Yaya yaƙin Libiya ya shafi garinku?