Malaman wasanni na Arewa, ku fara da takarda

A Amurka jami'o'i ne ke aika masu farautar ƴan wasa makarantun sakandare, su ɗauki yaro su biya masa karatu. A Dogonduci da Tibiri babu mai zuwa neman kowa, sai malami ya kai yaronsa inda za a gan shi. Ƙofofin da muke da su sanannu ne: cibiyar INJS ta Yamai mai horar da malaman motsa jiki, da ƙungiyoyin ƙwallo irin su AS FAN da AS Douanes.

Abin farko shi ne takardar haihuwa. A yanke ta da wuri, kuma kada a taɓa shekaru. Tun 2009 FIFA take duba ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don gane shekaru a gasar ƴan ƙasa da shekara 17, kuma wanda aka rage wa shekaru a can yake jin kunya. Wanda ya rage masa kuwa yana gida yana shan fura.

Sannan malami ya ware littafi guda, ya riƙa rubuta lokacin gudun kowane ɗalibi, tsallensa, da wasannin da ya buga. A ɗauki bidiyo da salula a ajiye.

Kada atisaye ya cinye karatu, domin ba a shiga jami'a sai da takardar BAC ta kammala sakandare. A lokacin zafi a fita fili da sassafe.

Kokawa ma a sa ta cikin tsari. Ɗan kokawa Issaka Issaka jihar Dosso ya ɗauko wa takobin gasar kokawa ta ƙasa. A buɗe wa ƴan mata fili, bayan an zauna da iyayensu.