Idan Sankarar Kaluluwa Ta Dawo

Limfoma sankara ce da ke tasowa daga fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki daga cututtuka. Takan fito da kaluluwa marar zafi a wuya ko hammata ko matsematsi, wani lokaci tare da zazzaɓi da gumin dare da rama. A nau'in da ya fi yawa ga manya, mai saurin girma, maganin farko na warkar da kimanin mutum 6 cikin 10. Sauran kuwa ko ciwon ya ƙi jin magani, ko ya lafa sannan ya dawo. A nan ne iyalai da yawa ke yanke ƙauna su kai majinyaci gida. Wannan gaggawa ce, kuma binciken likitocin Faransa ya nuna haka.

A 1995 Farfesa Thierry Philip na Cibiyar Léon Bérard da ke Liyon ya fitar da sakamakon wani gwaji a kan mutanen da ciwonsu ya dawo amma ya ji magani na biyu. An raba su gida biyu. Kashi ɗaya ya ci gaba da allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Ɗaya kashin an ɗebi ɓargonsu an adana, an ba su kemo mai ƙarfi ƙwarai, sannan aka mayar musu da ɓargon don jini ya farfaɗo. Bayan shekara 5, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dashen ɓargo suna nan ciwon bai dawo ba, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 12 ne kacal. Tun daga nan wannan hanya ta zama abin bi a duniya ga mai ƙarfin jikin jure ta.

Sai dai ba kowace dawowa ce iri ɗaya ba. A 2002 Bertrand Coiffier na asibitin Lyon-Sud ya nuna cewa ƙara maganin rituximab a kan kemon farko na ƙara yawan masu warkewa. A 2010 kuma Christian Gisselbrecht na asibitin Saint-Louis da ke Faris ya gano cewa wanda aka riga aka ba rituximab, ciwon kuma ya dawo masa kafin wata 12, da wuya dashen ɓargo ya fisshe shi. Ke nan lokacin dawowar na cikin abin da ke zaɓar magani. Domin irin waɗannan ne aka soma amfani da CAR-T, wanda Turai ta amince da shi a 2018. Ana ɗebo fararen ƙwayoyin majinyaci, a gyara su a ɗakin bincike yadda za su gane sankarar, a mayar da su jikinsa. Maganin na iya jawo zazzaɓi mai tsanani da ruɗewar tunani, shi ya sa ake yin sa a manyan asibitoci irin Lyon-Sud da Saint-Louis.

Mai karatu zai ce wannan zancen masu hali ne, kuma yana da hujja. Kuɗin CAR-T ya kai kimanin Yuro dubu 300, inshorar lafiya ta ƙasa ce ke biya a Faransa, abin da talakan Kano ko Maraɗi ba shi da shi. Amma matakin farko a Liyon ma ba mai tsadar ba ne: a sake yanko ɗan tsoka daga kaluluwar a duba, domin ba kowane kumburi ne sankara ba, tarin fuka ma na kawo shi. Na biyu shi ne kemo na daban da na farko, wanda manyan asibitocin koyarwa ke bayarwa. Akwai kuma gashin wuta ga ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya. Wani zai ce jikin da ya sha wuyar kemo ba zai jure wani ba. Gaskiya ne ga wasu, musamman tsofaffi, su kuwa ana ba su magani mai sauƙi da zai rage ciwo da raɗaɗi, wannan ma jinya ce.

Don haka wanda ya gama maganin limfoma ya adana takardunsa, da sunayen alluran da aka yi masa da ranar da ya gama, domin da su likita zai yanke shawara. Idan kaluluwa ta sake fitowa, a koma asibiti cikin makon da ta fito, kada a tsaga ta a gida.