Fata a Kan Maɗaukin Sautin Jita: Ko Tana Sauya Amo?

Duk wanda ya san gurmi ko garaya ya san fatar da aka rufe ƙoƙon da ita ce ke ba kayan kiɗan murya. Tsirkiya ta girgiza, fata ta karɓa, ita kuma ta kaɗa iska. Saboda haka idan ɗalibi ya ji cewa wasu makaɗan jita mai lantarki suna lulluɓe maɗaukin sautinta da fata don ado, zai ɗauka lalle amon ya sauya. Kimiyya ba ta goyi bayan wannan zato ba.

Maɗaukin sauti shi ne ɗan akwatin da ke kwance ƙarƙashin tsarkiyoyi. A cikinsa akwai mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, kaurinta kamar na silin gashi, naɗi wajen 8,000. Tsirkiyar kuwa ta ƙarfe ce. Idan aka kaɗa ta, sai ta motsa ƙarfin jan da ke kewaye da mayen ƙarfen, wannan motsi kuma ya haifar da lantarki kaɗan a cikin wayar, wanda amfilifaya ke ƙarfafawa ta miƙa wa lasifika. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a Ingila a 1831, kuma bayan shekara ɗari George Beauchamp ya ɗora ta kan jita a Amurka. Abin lura shi ne, maɗaukin ba ya sauraren iska, motsin ƙarfe kawai yake ji.

Fata ba ta tare jan mayen ƙarfe. Malami na iya nuna wannan a aji: a rufe mayen ƙarfe da ƙyallen fatar akuya, a kusanto da allura, nan take za ta manne.

Murfin ƙarfe ne ke da tasiri. Ko da irin ƙarfen da maye ba ya ja ne, muddin lantarki na bin jikinsa, canjin da tsirkiya ke kawowa zai tayar da ƙananan igiyoyin lantarki masu kewayawa a cikinsa, su kuma su rage kaifin siraran muryoyi. Shi ya sa wasu makaɗa ke cire murfin ƙarfen maɗaukin da Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson a 1955. Lantarki ba ya bin busasshiyar fata, don haka ta wannan fuska daidai take da murfin roba irin na jitar Stratocaster da Fender ya fitar a 1954. Sai dai murfin ƙarfe da aka haɗa da wayar ƙasa yana kare naɗin daga wani ɓangare na ƙugin wayoyin lantarkin ɗaki. Wanda ya musanya shi da fata ya rasa wannan kariya.

Inda fata ke iya ɓata aiki shi ne kauri. Jan mayen ƙarfe yana raguwa da sauri matuƙa idan aka nisanta, kuma tazarar da ke tsakanin maɗauki da tsirkiya ba ta cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Fata mai kaurin milimita 2 za ta tilasta a saukar da maɗaukin don kada tsirkiya ta goge ta, sauti kuwa ya raunana. A ganinmu fatar akuya da aka fefe ta koma ƙasa da milimita 1 ta fi dacewa, a kuma huda ta daidai kan kowane ƙarfe shida da ke fuskantar tsarkiyoyi.

Wajen mannawa a shafa gam a jikin murfin kaɗai, kada ya taɓa naɗin, domin tsinkewar waya wuri guda ta isa ta kashe maɗaukin baki ɗaya. A kuma tuna cewa fatar da aka jeme da bagaruwa takan yi baƙi idan ta haɗu da ƙarfe da danshi, kamar yadda dukawa suka sani tun da daɗewa, gumin hannun makaɗi kuwa danshi ne. Shafa ɗan kakin zuma a bakin hudojin yana rage wannan tabo.