Kisan Gilla da Nema Ruwa a Jallo: Nazarin Wasu Kalmomin Hausa ta Hanyar Labarin Dimka

1.0 Gabatarwa

Manazarta harshe kan ce kalmomin al'umma madubi ne na tunaninta. Abin da mutane suka damu da shi, shi suke yawaita wa suna. A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu duba yadda Bahaushe yake magana a kan abubuwa uku: kisan da aka shirya a ɓoye, mutumin da aka tura ya aikata shi, da kuma gudun mai laifi har ranar da ya shiga hannu. Don kada bayanin ya tsaya a iska, za mu ɗora shi a kan wani abin da ya auku a ƙasar nan, watau kisan Janar Murtala Ramat Muhammad a shekarar 1976 da kamun Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka.

2.0 Abin da Ya Auku

Janar Murtala ya hau mulki a ƙarshen watan Yuli na 1975, bayan an kifar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon. A cikin kwana kamar 200 da ya yi, ya mai da jihohin Nijeriya 19, ya kuma yanke shawarar mai da babban birnin ƙasa Abuja. Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, yana cikin motarsa a Ikoyi, Legas, a hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan, sai wasu sojoji suka tare shi cikin cunkoson motoci suka buɗe wuta. Nan ya rasu yana da shekara 37, tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa. A wannan rana kuma aka kashe Gwamnan Jihar Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo.

Dimka, wanda yake shugaban sashen motsa jiki na rundunar soja, shi ya shiga gidan rediyo ya yi shelar juyin mulki. Saboda ruɗewa har ya sa dokar hana fita daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, watau ya juya lokacin. Kafin rana ta faɗi an aika Kanar Ibrahim Babangida da dakaru sun karɓe gidan rediyon, amma Dimka ya sulale. Ya yi kusan mako uku ana nemansa, sannan aka kama shi a farkon watan Maris kusa da Abakaliki, wadda a yau ita ce hedikwatar Jihar Ebonyi.

3.0 Kisan Gilla

Bahaushe bai haɗa kowane kisa a suna ɗaya ba. Akwai kisan kuskure, akwai kisan ganganci, akwai kuma kisan gilla. Kalmar "gilla" aro ce daga Larabci, inda take nufin kashe mutum ta hanyar yaudara ko kwanton ɓauna, a lokacin da ya saki jiki. Malaman Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa, sun ware irin wannan kisa daban. A kisan ganganci dangin mamaci suna da ikon yafewa ko karɓar diyya, amma a kisan gilla ba su da wannan iko, domin laifin ya wuce gida ɗaya, ya shafi amincin jama'a duka. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an kashe wasu jama'a gaba ɗaya a kan mutum guda da suka haɗa kai suka kashe ta wannan hanya.

In muka auna kisan Murtala da wannan ma'auni sai mu ga ya cika sharuɗɗan. An san hanyarsa, an san lokacin fitarsa, an kuma san ba ya tafiya da jerin gwanon masu tsaro. Sauƙin kan nasa shi aka mai da tarko. A Hausar yau kuwa ma'anar kalmar ta faɗaɗa, har ana kiran duk wani kisa na rashin imani da suna kisan gilla, ko da ba a yi yaudara a ciki ba.

4.0 Hannu da Mai Hannu

Abu na biyu shi ne yadda harshen yake bambanta wanda ya zartar da wanda ya sa. Wanda aka biya ya yi yaƙin da ba nasa ba, sojan haya ne. Wanda ya mai da kashe mutane sana'a, ɗan ina-da-kisa ne. Wanda ubangidansa yake sakawa a kan abokan gaba, karen farauta ne. A ɗaya gefen kuma akwai kanwa uwar gami, da wanda ake ce wa shi ne uwa da makarɓiya a cikin al'amari. Jerin farko na hannun ne, jeri na biyu na mai hannun. Abin lura shi ne, sunayen jerin farko duk na ƙasƙanci ne, domin an kwatanta mutum da kayan haya ko da dabba. Na biyun kuwa sun ɗauki siffar uwa, watau tushen da abin ya fito. Ashe a tunanin Bahaushe mai turawa ya fi wanda aka tura nauyin laifi. Dokar Final Kot da ta fara aiki a Arewa a 1960 ita ma ta tanadi hukunci ga mai zuga wani ya yi laifi, ba ga mai aikatawa kaɗai ba.

Dimka ba a tabbatar da cewa kuɗi aka ba shi ba, saboda haka ba za a kira shi sojan haya ba. Amma tambayar da ta cika bakin mutane ita ce: wa ya tura shi? A ranar juyin ya je ofishin jakadancin Ingila yana neman a sada shi da Gowon, wanda yake karatu a Jami'ar Warwick. Da ya shiga hannu kuma ya ambaci sunaye da dama. Gowon ya musanta cewa yana da hannu, Ingila ta ƙi miƙa shi, aka tuɓe masa muƙaminsa na soja, sai a 1981 Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa.

5.0 Daga Gudu zuwa Kamu

Harshen Hausa yana da arzikin kalmomin gudu: ya ranta a na kare, ya cika wandonsa da iska, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Dukansu akwai ba'a a ciki, domin Bahaushe yana ganin wanda ya ɗauki makami da safe, ya kuma gudu da yamma, ya zubar da girmansa. Hukuma kuwa sai a ce tana nemansa ruwa a jallo. Jallo ɗan gora ne mai ƙaramin baki da matafiyi yake riƙe ruwa a ciki. A fahimtata, hoton da ke cikin maganar shi ne na mai ƙishirwa da ba ya da abin da ya fi bukata irin ɗan ruwan nan.

In an kama shi sai a ce dubunsa ta cika. Wannan guntu ne na karin maganar nan, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Haka kuma ake cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, alhaki kuwa kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Dukansu suna koyar da abu ɗaya, watau gudu jinkiri ne kurum. Dimka ya bar Legas ya kai har gabashin ƙasa, amma ranar 15 ga Mayu, 1976, aka harbe shi a Legas ɗin da ya baro.

6.0 Kammalawa

Akwai wurin da ya kamata ɗalibi ya yi hattara. Karin maganganun nan sun ɗauka cewa wanda aka kama shi ne mai laifi, abin da ya faɗa kuma gaskiya ne. Amma ranar 11 ga Maris an harbe mutum kimanin 30, ciki har da Kwamishinan Tsaro, Manjo-Janar Iliya Bisalla, a ranar Dimka kuma aka harbe Joseph Gomwalk, tsohon Gwamnan Jihar Binuwai-Filato. Shari'ar soja ce aka yi a asirce, har yau kuwa masana tarihi suna jayayya a kan ko duk waɗanda aka harbe sun cancanci hakan. Bahaushen da ya ce dubu ta cika shi ne kuma ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ya kamata mu riƙa karanta waɗannan tare da waɗancan, domin harshen ya tanadi duka biyun.